Abin da Hansai Ta Gani Ƙarƙashin Zane

Hansai ta shekara talatin da ɗoriya tana wanke matan ƙauyenmu idan sun rasu. Shekara goma sha tara daga ciki ina tsaye kusa da ita riƙe da buta, ita ke cuɗawa, ni ke zuba ruwa. Sunana Safiyyatu, matar ƙanen mijinta ce ni, saboda haka gida ɗaya muka zauna a wani ƙauye gefen Ruma, har ranar da 'yan bindiga suka tashe mu, muka dawo cikin Batsari da tabarmi da tukwane da awaki biyu.

Wanda bai san Hansai ba zai zaci mai wankan gawa mace ce shiru-shiru, mai sunkuyar da kai. Ina! Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, idan tana magana a bakin rijiya har cikin gida ake jinta. Daddawa take sayarwa, kuma duk wadda ta taya ta da arha sai ta ji tarihin rowar gidansu. Idan miyarki ta yi ruwa, a gaban baƙi za ta gaya miki. Ni kaina mun taɓa kwana uku ba ma ga maciji saboda ta ce dakan gerona na malalata ne. Har yau ban yarda ba, kuma har yau ba ta janye ba.

Amma wannan bakin da ba ya riƙe komai, abu ɗaya ya riƙe. Ranar da na fara shiga ɗakin wanka da ita, kafin mu ɗaga labule ta tsaya ta dube ni.

"Sahiya, abin da za ki gani ciki ba naki ba ne. In kin hito kin manta shi. Ko mijinki, ko uwarki."

Haka ta karɓi aikin a hannun kakarta, haka ta riƙe shi. Za ta jiƙa ganyen magarya, ta naɗe hannunta da tsumma mai tsabta, ta sa a riƙe zane a kan mamaciya yadda ido ba zai kai inda bai kamata ba. Da ɓangaren dama take farawa. Ta kwance kitso ta wanke gashi, ta mayar da shi kalaba uku, ta sa kafur a ruwan ƙarshe. Hannun da ke murɗe kunnen jikoki, a ɗakin nan laushi yake yi. Mun ga tabon duka a jikin matan da aka ce sun ji daɗin aure, mun ga abubuwan da ba zan rubuta ba. Ba ta taɓa furta ko ɗaya ba, shi ya sa ko gidan da suke gaba da ita, ita ake kira.

Nana Hadiza maƙwabciyarmu ce, mijinta ya rasu tuntuni. Ta yi kusan shekara biyu tana rama. Ta daina zuwa biki, ɗakinta kullum cikin hayaƙin turare, ga zane biyu ta yafa ko ana zafin bazara. Aka ce shawara ce, wasu suka ce iska. Ƙanwarta ce kaɗai ke jinyarta, wata da ake kira Jinjiri, sunan yarinta ya bi ta har furfura. Ɗiyar Nana Hadiza guda ɗaya ce, Ramlat, tana aure a Runka, kuma ita ce ta fari. Kowa ya san yadda uwa take da 'yar fari a wajenmu: ko sunanta ba ta faɗa, balle ta buɗe mata jikinta. Idan Ramlat ta zo dubiya, sai a gaisa, uwar ta ce da sauƙi, a koma maganar ruwan sama.

Ranar da muka wanke Nana Hadiza, Hansai ta sa hannu ƙarƙashin zane sai ta ji tsummoki a ɗaure a ƙirji. Dole ta kwance. Nonon hagu ya zama gyambo, an cika shi da garin magani, fatar gefensa ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar bawon lemu. Butar ta kusa suɓuce mini. Hansai ta harare ni, na ci gaba da zuba ruwa.

Muna fitowa Jinjiri ta tare mu a bakin ƙofa, ta kama gefen zanen Hansai.

"Yaya Hansai, ki ruhwa mana asiri. In aka ji ciwon daji ne, ba mai neman aure gidanmu."

"Ban ga komi ba," in ji Hansai.

Bayan shekara huɗu muka wanke Jinjiri. Irin tsummokin, irin gyambon, sai dai ita a dama ne. A hanyar gida Hansai ta ce Allah ya jiƙan su, gidan nan an jarrabe su, shi ke nan. Ni ma ban ƙara komai ba. A lokacin ba mu san akwai abin da ya rage a yi ba.

A Batsari muka sani. Bayan mun zauna, muka shiga makarantar matan aure ta Malam Nu'uman, don Hansai ta ce ba za ta zauna tana kallon bangon gidan haya ba. Wata rana da damina, wata ma'aikaciyar lafiya ta zo ta yi mana bayani a kan ciwon dajin nono. Ta zo da wani nono na roba, ta ce an ɓoye ƙullutu a ciki, kowa ta laluba ta gani. Mata suka yi ta ƙyaƙyata dariya, wannan ta tura wa waccan. Da ya iso hannun Hansai, ko lalube ba ta yi ba. Ta ɗora yatsu uku ta ce, "Ga shi nan, kamar ƙwarar gyaɗa."

Matar ta ce yawanci haka yake farawa, ƙullutu ƙarami da ba ya ciwo, shi ya sa ake raina shi. Ta ce ba kowane ƙullutu ne daji ba, amma ba a ganewa da ido, sai an gwada. Ta lissafa sauran alamu: kan nono ya shige ciki, ko ya riƙa fitar da jini, ko fata ta canza, ko kaluluwa a hammata da ta ƙi tafiya. Wata daga baya ta ɗaga murya ta ce ai daji ba ya son ƙarfe, da allura ta taɓa shi sai ya watsu. Ma'aikaciyar ba ta yi musu da yawa ba. Ta dafa ƙirjinta ta ce, "Ni da kuke gani, shekara shida ke nan da aka yi mini aiki. Allura ta taɓa ni, wuƙa ta taɓa ni. Da wuri na je, shi ya sa nake tsaye gabanku."

Sannan ta ce yawancin masu kamuwa ba su da kowa mai shi a dangi. Amma idan uwa ta yi, ko 'yar'uwa, ko innar mutum, musamman idan sun kai biyu, to wannan matar kada ta jira komai, ta je a duba ta. "Ku tambayi tsofaffinku," in ji ta, "abin da ya kashe iyayenku mata."

Muka taho gida. Muka wuce mai kifi yana cutar mutane, muka wuce yara suna wasa cikin kwata, Hansai ba ta tanka wa kowa ba. Sai da muka kai ƙofa ta ce, "Ramlat shekarunta nawa yanzu?"

Na ce ta kusa arba'in.

Kashegari ta je ƙofar zauren Malam Nu'uman, ni ina bayanta. Ta gaishe shi ta tambayi iyali da ɗalibai, sannan ta kawo tambayarta ba tare da ta kama suna ba. Malam ya ce mata:

"Inna, abin da aka hana shi ne a tona aibin mamaci. Ciwo ba aibi ba ne. In akwai ran da za a tserar, ki faɗa wa wadda abin ya shafa, ita kaɗai."

"Allah gafarta Malam, na yi alkawari."

"Wadda kika yi wa alkawarin, da ta san abin da kika sani yau, za ta riƙe ki da shi?"

Hansai ta yi godiya muka tafi. Na ɗauka gobe za mu nemi motar Runka. Ba mu nema ba.

Dalili kam akwai, ba ɗaya ba. Hanya ba kyau, a makon nan ma an tare wata a-kori-kura. Sai kuma aka rufe layin waya a yankinmu gaba ɗaya, wata da watanni. Da aka buɗe, Hansai ta ce wannan ba maganar waya ba ce. Na ce to mu tafi. Ta ce a bari a gama girbi. Duk gaskiya ne, amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita na san ba hanya take tsoro ba. Tsoronta, ranar da ta buɗe baki sau ɗaya, ba macen da za ta ƙara kwanciya ƙarƙashin hannunta da kwanciyar rai. Akwai kuma tambayar da ta san za a yi mata, wadda ba ta da amsarta. Ta rame, daddawarta ta lalace sau biyu, ta daina faɗa da kowa. Na ji haushinta ƙwarai. Amma sau nawa na ce mu tafi? Sau biyu, cikin wata bakwai. Ni ma da ƙafata, ni ma na ga abin da ta gani.

Ramlat ce ta zo da kanta. Suna ya kawo ta Batsari, ta biyo ta gaishe mu da ƙullin gyaɗa. Doguwa ce mai fara'a, dariyar uwarta sak. Aka gaisa, aka tambayi Sammani mijinta, da yaranta su Umaima, da mutanen Runka ɗaya bayan ɗaya. Hansai ta yi ta kewaye-kewaye, ita da ba ta san kewaye ba, har ta kawo labarin matar da ta zo makaranta da nonon roba.

Ramlat ta yi dariya. "Ai ni ma ina da ɗan wani abu nan, Gwaggo. Tun da na yaye auta, ya hi shekara. Na je asibiti Sahwana, suka tambaye ni ko akwai mai shi danginmu, na ce babu. Suka ba ni takarda in tahi Katsina. Baban su Umaima ya ce mu tahi, ni na ƙi. Ba ya ciwo. In nono ne ya kwanta, zai narke. In kuma wancan ne, an ce ba a kai mashi ƙarhe. To mi zan je yi? Mu dai ba mu gaje shi ba."

Hansai ta tashi ta saki labule, ta tura ƙofa.

"Kun gaje shi, ɗiyata."

Ta faɗa mata duka. Tsummokin, gyambon, hagu da dama. Ramlat ba ta yi kuka ba. Ta zauna tana kallon ƙullin gyaɗar da ta kawo.

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekara sha ɗaya."

"Shekara sha ɗaya kina amsa gaisuwata."

"Da ban san yana bin jini ba. Sai da daminar nan."

"Damina," in ji Ramlat. Ta ɗaga labulen ta dubi tsakar gida, rana ta ƙwalle, ko ganye ɗaya babu a bishiya. Ta gyara mayafinta ta fita ba sallama.

Cikin mako guda Sammani ya kai ta Katsina. Mutumin kirki ne, bai ja da baya ba ko sau ɗaya. Aka sa allura aka ɗebi ɗan nama aka gwada, aka ce shi ne, kuma ya riga ya kai hammata. Aka yi ta ƙara mata ruwan magani, gashinta ya zube, bakinta ya yi ɗaci, abinci ya gagara. Daga baya aka cire nonon. Saboda zirga-zirga ta dawo Batsari gidan yayar Sammani, lungu biyu tsakaninmu. Ta samu sauƙi har ta fara yin kitso wa yaran gidan, muka ce an tsallake. Bayan shekara guda sai ciwon baya ya taso, aka duba aka ce ya shiga ƙashi.

Ba likitan da ya ce wata bakwai ɗin nan ne suka jawo. Ba wanda ya sani sai Allah. Hansai ce kaɗai ke ƙirga watannin da yatsu, ta kai bakwai ta sake farawa.

Kullum da safe sai ta dama kunun gyaɗa ta ba ni in kai. Yaran gidan ke shanyewa. Idan ta je da kanta, Ramlat ta amsa gaisuwa, lahiya lau, da sauƙi, ta juya fuska bango. Ni kuwa tana hira da ni, har ta sa in matsa mata ƙafa. Ko ta manta ni ke riƙe da buta, ko ta zaɓi ta manta, ban sani ba, kuma ban tuna mata ba. Wannan yana cikin abin da nake neman gafara a kansa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Umaima, 'yar farin Ramlat. An bar ta Runka tana riƙe da ƙannenta, ana tsaka da jinyar kuma aka ɗaura mata aure aka kai ta Babban Duhu. Yayar Sammani ta ce kada dangin miji su ji sunan ciwon, sai aka ce wa yarinyar ciwon ƙirji ne. Ina nan zaune ranar da ta zo dubiya. Da jin sallamarta Ramlat ta ja zane har wuya, ta gyara ɗankwali. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta, uwar ta ce da sauƙi, ta tambaye ta ko sun yi shuka.

Da ta tafi na kasa haƙuri. Na ce, "Ramlat, ke ma?"

Ta rufe ido. "Zan hwaɗa mata, Gwaggo. In na samu sauƙi. Da wane baki zan hwara?"

Ba ta samu sauƙin ba. Kwana uku kafin ta rasu ta kira yayar mijinta, ni ma ina wurin, ta ce, "Gwaggo Sahiya ta wanke ni. Kar a kira Hansai."

Ni na kai wa Hansai saƙon. Tana tsugune tana tsince kalwa. Hannunta ya tsaya, ta ce, "Tana da gaskiya." Ta ci gaba da tsinta.

Ramlat ta rasu ranar Talata da hantsi. Na shiga ɗakin da wata dattijuwa ta unguwar, wannan karon ni na naɗe hannu da tsumma. Na ga tabon aikin, dogo, ya warke sumul. Na ga yadda ƙashi ya fito. Gashin da ya sake tsirowa bai kai a yi kalaba ba. Na yi duk yadda aka koya mini, ina kuka ruwa na zuba.

Da na fito, yayar Sammani ta tare ni a bakin ƙofa ta yi ƙasa da murya.

"Sahiya, a ruhwa asiri. Yarinyar nan sabon aure ce, ga ƙannenta mata biyu."

Maza suka ɗauki makara suka fita. Tsakar gida cike da mata a kan tabarmi. Hansai na can gefe kusa da turmi, hannayenta a kan cinya, ba wanda ya zauna kusa da ita. A shekara talatin da ɗoriya, ranar ce aka fara wanke macen ƙauyenmu tana waje.

Umaima ta iso bayan an fita da gawa, babur ya ɓaci musu a hanya. Ta yi kuka har muryarta ta dishe. Da ta lafa ta rarrafo ta durƙusa gabana, don an gaya mata ni na yi wankan.

"Gwaggo, don Allah mi ya kashe ta? Kowa sai ya ce mani ƙirji. Ƙirji kamar yaya? Ke kin gani."

Yayar Sammani ta zuba mini ido. Surukar Umaima na zaune a tabarma ta gaba, ta juyo. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, amma shekara goma sha tara ana koya mini in manta, ba abin da ya fito.

Sai na ji motsi wajen turmi. Hansai ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta ratso tabarmin ta kama wuyan hannun Umaima.

"Taso, ɗiyata. Yau ban shiga ɗakin ba, amma na shiga biyu kahin shi. Taso ki ji na kakarki, da na ƙanwar kakarki, sannan Sahiya ta hwaɗa maki na uwarki. Ki kira ƙannenki mata su ma."

Yayar Sammani ta miƙe tsaye.

"Hansai! Gaban mutane? Kin ci amana."

"Na ci," in ji Hansai, ba ta saki hannun yarinyar ba. "Da na ci ta tun shekara sha ukku da suka wuce, wataƙila da ba mu shimhiɗa tabarmin nan ba yau."